Darɓa a Lambun Kabeji: Aikin Dogon Yaro da Raga a Fadamun Suleja

Mai tsire a Suleja, ko a bakin kasuwar IBB yake ko a Madalla gindin Dutsen Zuma, ba ya naɗe nama a takarda sai ya watsa masa yankakken kabeji da albasa. Mai awara ma haka take yi, mai shinkafa da wake haka, balle ranar biki da ake cika faranti da haɗin salak. Ganyen da a da ake ɗauka cimar Turawa ce yau ya zama ruwan dare, kuma yawancinsa ɗanye ake ci, daga wuƙa sai baki. Duk abin da aka fesa masa a lambu kwana biyu ko uku kafin a yanke shi yana iya biyo shi har cikin farantin yaro.

Mafi yawan kabejin da ke kasuwannin wannan yanki daga tudun Jos yake saukowa, inda ƙasa ta haura mita 1,200 a sama da teku, sanyi kuma ya wadata. Motoci kan sauke shi a kasuwar Zuba, 'yan sari su rarraba. Suleja tana ƙasa sosai da Jos, zafinta ya fi, amma hunturu yakan ba ta 'yan watanni masu sanyin dare, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, waɗanda kabeji ke iya ɗaure kai a cikinsu. Ga ruwan kogin Iku da fadamun Tafa da Gurara, ga injinan ban-ruwa da suka yawaita tun shirin Fadama na biyu da ya fara a 2004 wanda jihar Neja ke cikinsa, ga irin zamani masu jure zafi, ga kuma Abuja da otal-otal ɗinta a tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Duk mai lambun da ya yi wannan lissafi zai yi sha'awar gwada kabeji. Abin da zai fara tarbarsa kuwa darɓa ce.

Darɓa ƙwaro ce 'yar mitsitsiya, da ƙyar take kai milimita biyu, wasu manoma na kiranta ƙwarƙwatar ganye. Ba ta cin ganye kamar tsutsa. Baki gare ta mai tsini, ta soke jijiyar ganye ta yi ta zuƙar ruwan da ya kamata ya gina kan kabeji. Iri uku ne suka fi addabar wannan shuka. Akwai mai launin toka da farin gari a jiki, wadda ta fi son wurare masu sanyi irin Jos. Akwai mai duhun kore wadda ke bunƙasa a ƙasashe masu zafi, da kuma koriya shar wadda ba ta zaɓen abinci, har barkono da tumatir da dankali tana hawa. Binciken da masana a Jami'ar Ghana suka yi a gonakin kabeji na kudancin ƙasarsu ya nuna biyun ƙarshen ne suka fi yawa a can, kuma yanayin Suleja ya fi kusa da wancan fiye da na Jos.

Abin da ya sa take gagarar manomi shi ne yadda take haihuwa. A ƙasashenmu masu zafi macen darɓa ba ta buƙatar namiji, ba ta kuma yin ƙwai. 'Ya'ya take haifa da ransu, duk mata, kowace rana 'yan kaɗan, kuma cikin kwana bakwai zuwa goma kowace 'ya ta isa haihuwa ita ma. Mutum ya ga biyar a bayan ganye ranar Juma'a ya raina, kafin Juma'a biyu ganyen ya yi dafifi. Idan wuri ya cunkushe sai wasu su fito da fuka-fuki, iska ta kwashe su zuwa fangali na gaba ko lambun maƙwabci. Da damina ruwan sama mai ƙarfi yakan kakkaɓe su ya rage yawansu. Da rani babu mai kakkaɓe su, kuma da rani ake noman kabeji a Suleja.

Alamar farko ganye ne ya nannaɗe ya yi rawaya-rawaya, shuka ta tsumbure. Daga nan sai ganyen ya yi danƙo, domin darɓa tana fitar da wani ruwa mai zaƙi, wanda baƙin fumfuna ke tsirowa a kansa har ya hana ganye shan rana. Tururuwa na son wannan zaƙi, har gadin darɓar take yi tana korar masu cin ta, saboda haka jerin tururuwa a jikin kabeji saƙo ne ga mai lambu ya juya ganye ya duba. Tana kuma ɗaukar ƙwayar cutar bairos daga shuka mai ciwo zuwa mai lafiya, cutar da ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare, wadda babu feshin da ke warkar da ita. Idan kuwa aka bari har kabeji ya fara ɗaure kai da darɓa a tsakanin ganyayensa, to ta shige ɗaki ta kulle. Magani ba ya isa gare ta, mai saye kuma da ya ɓare ganye biyu ya ajiye.

Abin da yawancin manoma ke yi shi ne su nufi shagon maganin feshi, su ce a ba su mai ƙarfi. A makon farko sai a ga aiki. Amma akwai abubuwa biyu da mai shago ba ya cika faɗa. Na farko, lambu yana da masu gadinsa na halitta: ɗan ƙwaron nan ja mai ɗigon baƙi a baya, wanda shi da 'ya'yansa darɓa ce abincinsu; tsutsar wani ƙuda mai zanen rawaya da ke tsayawa cak a iska; da wani ɗan ƙaramin dangin zanzaro da ke saka ƙwansa a cikin jikin darɓa, ɗansa ya cinye ta daga ciki ya bar busasshen ƙoƙo mai launin ƙasa manne a ganye. Magani mai kashe komai yana share waɗannan gaba ɗaya, kuma darɓa ta fi su saurin farfaɗowa, sai ta dawo lambun da babu mai tsare shi. Na biyu, ƙwarin kabeji sun yi suna wajen sabawa da guba. Ƙaramar tsutsar nan da ke huda ganyen kabeji ita ce ƙwaron gona na farko da aka tabbatar ya daina jin maganin DDT, a tsibirin Java na Indunusiya a 1953. Koriyar darɓa kuwa tana cikin ƙwarin da suka fi kowanne a duniya yawan magungunan da suka daina ji.

Daga nan ne manomi ke fara ƙara awo, yana gauraya kwalba biyu ko uku, yana feshi har jajibirin yanka. Najeriya ta riga ta ga inda wannan hanya ke kaiwa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu kasuwanninta saboda ragowar sinadarin fiya-fiya da aka samu a ciki, a 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin ƙwari na Sniper a kasuwanni da kantuna. Wake dai sai an wanke an dafa. Kabejin mai tsire babu abin da ke tsakaninsa da ciki.

Maganin farko da ya kamata mai lambu ya sani yana tsaye a bakin hanya yana zubar da 'ya'ya ana takawa. Dogon yaro, ko darbejiya, asalinsa daga yankin Indiya ne, an fara dasa shi a lardin Borno a 1928, daga can ya bazu har ya zama bishiyar inuwar kowane gari a Arewa. A 1959 wani masanin ƙwari Bajamushe, Heinrich Schmutterer, yana aiki a Sudan lokacin da fara ta sauka ta cinye duk wani kore, sai ya lura dogon yaro kaɗai ta bari da ganyensa. A 1968 masana a Jami'ar Keele ta Ingila suka ware sinadarin da ke wannan aiki daga ƙwallon bishiyar, aka sa masa suna azadiraktin. Aikinsa ya bambanta da na gubar shago. Yana hana ƙwaro cin abinci, yana hana ɗansa saɓa ya girma, yana rage haihuwa. Saboda haka manomin da ya fesa da yamma ya zo da safe yana neman gawarwaki zai ce an yaudare shi. Sai bayan kwana uku ko huɗu ake ganin bambanci.

Ƙarfin yana cikin ƙwallo, ganye bai kai shi ba ko kusa. Ana tsince nunannun 'ya'ya, a wanke naman, a shanya a inuwa har su bushe ƙarau, a daka. Awon da malaman gona suka saba bayarwa, har da na cibiyar binciken noma ta INRAN a Maradi da ke koya wa manoman wake wannan dabara, shi ne giram 500 na gari a lita 10 na ruwa, wato giram 800 ga famfon feshi mai cin lita 16. Wanda ba shi da sikeli sai ya auna sau ɗaya a kasuwa, ya yi wa gwangwaninsa alama. A jiƙa garin ya kwana, a tace da ƙyalle mai laushi sau biyu don kada ya toshe bakin famfo, a narka ɗan sabulun salo a ciki.

Sabulun nan ba ado ba ne. Ganyen kabeji yana da santsi, jikin darɓa ma yana da wani kakin da ruwa ke gangarewa a kansa. Sabulu ne ke sa ruwan ya manne ya jiƙa ta, shi kansa kuma yana kashe wadda ya taɓa. Garin sabulun wanki yana iya ƙona ganye, musamman a kan ƙananan dashe, don haka kowane sabon haɗi a fara gwada shi a kan gindi biyar, a jira kwana biyu.

Dole a faɗi gaskiya game da iyakar dogon yaro, domin masu yabonsa sukan wuce gona da iri. Ya fi tasiri a kan tsutsa fiye da darɓa. Rana tana lalata sinadarinsa cikin 'yan kwanaki, shi ya sa ake feshi da la'asar sakaliya, a kuma maimaita kowane mako. Ruwan da aka haɗa ba ya ajiyuwa, ranar da aka tace ranar za a fesa. Sannan darɓa a bayan ganye da cikin tsakiyar shuka take zama, feshin da aka yi daga sama ana tafiya ana hira ganye kawai ya wanke. Sai an juya bakin famfo yana kallon sama, an bi gindi-gindi. Wanda ya fara tun yana ganin ɗaiɗaiku zai rinjaye ta. Wanda ya jira har ganye ya nannaɗe ya rufe ta, gara ya fara tsinke waɗannan ganyaye ya binne kafin ya ɗauki famfo.

Dogon yaro ba shi kaɗai ba ne. A 2013 wani masani ɗan Ghana, Blankson Amoabeng, da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi a gonakin kabeji a Kumasi, inda suka jiƙa tsirrai tara na gida a ruwa da ɗan sabulu, cikinsu har da barkono, daddoya, taba, zurma da bini-da-zugu, suka gwada su da wani maganin shago da manoman can ke amfani da shi. Da yawa daga cikinsu sun rage darɓa da tsutsa daidai da na shagon, kuma ba su yi wa ƙwarin da ke cin darɓa ɓarna irin tasa ba. Barkono da daddoya abin miya ne, babu fargaba a kansu in ban da yajin da ke shiga ido. Taba kuwa wani abu ne daban. Nikotin ɗin da ke cikinta guba ce mai ratsa fata, Turai da Amurka duk sun cire ta daga jerin magungunan gona. Ƙwallon zurma da na bini-da-zugu ma suna iya kashe yaro idan ya ci. Fitowar abu daga tsiro ba ta wanke shi daga zama guba, kuma a kan ganyen da za a ci ɗanye babu dalilin kusantar waɗannan ukun alhali ga dogon yaro da barkono.

Dabara ta biyu daga ɗakin kwana aka aro ta. A farkon shekarun 2000, a lambunan bakin teku na Kwatano a Jamhuriyar Benin, wani masanin ƙwari Bafaranshe na cibiyar CIRAD, Thibaud Martin, tare da masana na cibiyar binciken noma ta ƙasar, INRAB, suka tambayi kansu: tunda gidan sauro yana kare mutum da dare, me zai hana ya kare kabeji? Uwayen tsutsotsin kabeji ƙananan malam-buɗe-littafi ne masu yawo daga magariba, da dare suke saka ƙwai. Sai suka kafa ƙarafa masu lanƙwasa a kan fangali, da yamma su lulluɓe da raga, da hantsi su yaye. Sakamakon da suka wallafa a 2006 ya nuna raga ta fi feshi kare kabeji daga manyan tsutsotsinsa biyu, wato mai huda ganye da mai cinye tsakiyar dashe, wadda ke sa shuka ta fito da ƙananan kawuna barkatai da ba su sayuwa. Daga 2010 aka faɗaɗa aikin zuwa Kenya da tallafin Amurka, masaƙar A to Z da ke Arusha a Tanzaniya, wadda dama gidan sauro take saƙawa, ta fara yin raga ta musamman don gona, wata mai ido milimita 0.9, wata 0.4. Kabeji ya dace da wannan dabara domin kansa ake so, ba ya jiran ƙudan zuma ya zo masa kamar kokwamba ko kankana.

Amma a nan ne darɓa ta ba masanan mamaki, kuma wannan ne abin da mai lambu a Suleja ya fi buƙatar ji kafin ya kashe kuɗinsa. Idon ragar da ke tare malam-buɗe-littafi ya yi wa darɓa faɗi. Mai fuka-fuki guda ɗaya ta isa. Da ta shiga sai ta tarar da wuri mai ɗumi, babu iska, babu kuma ko ɗaya daga cikin masu cin ta, domin su sun fi ta girma, raga ta tsare su a waje. A ƙarƙashin ragar da aka bari a rufe dare da rana, darɓa na iya fin ta fili yawa. Idan aka ce a koma mai ƙaramin ido, sai iska ta ragu a ciki, zafi ya ƙaru. A tsaunukan Kenya wannan ɗumi alheri ne ga shuka. A Suleja, inda rana ke ƙuna daga ƙarshen Fabrairu, kabejin da ke cikin irin wannan raga zai sha wuya kafin ya ɗaure kai.

Mafitar da aikin Benin ya kai gare ta ita ce a riƙa buɗe ragar da rana kamar sau uku a mako, a mayar kafin magariba. Shuka ta sha iska, masu cin darɓa su shiga su yi aikinsu, manomi kuma ya samu damar juya ganye. A wannan buɗewar ce dogon yaro ke shigowa: raga ta ɗauke wa manomi tsutsa, wadda ita ce ke cin mafi yawan kuɗin feshi, shi kuma ya fuskanci darɓa da ruwan ƙwallo da sabulu, waɗanda ba su share masu gadin lambu kamar yadda gubar shago ke yi. Kowanne daga cikin biyun yana rufe gibin da ɗayan ya bari, kuma a ganin mai wannan rubutu duk malamin gonar da ya tallata raga bai ambaci darɓa ba ya bar manomi a rabin hanya.

Kafa ragar ba ya buƙatar gwani. Rodi ko gora da aka lanƙwasa sun isa, tsayin ya wuce na kabeji yadda raga ba za ta taɓa ganye ba, domin in ta kwanta a kansa ƙwaro zai iya saka ƙwai ta cikin ido. A danne gefuna da ƙasa ko duwatsu saboda iskar hunturu, a ɗinke duk hujin da aka gani a ranar, a riƙa wanke ƙurar da ke toshe ido. Kafin a rufe kuma a tabbatar dashen da ke ciki ba ya ɗauke da darɓa tun daga wurin reno.

Wurin renon nan ne raga ta fi biyan kuɗinta. Makonni huɗu zuwa biyar da iri ke yi kafin dashe su ne lokacin da ya fi rauni, kuma 'yan yadi kaɗan na raga sun isa rufe ɗaruruwan dashe. Manomin da ba shi da ƙarfin rufe lambu gaba ɗaya sai ya fara daga nan. Idan ya zuba iri a Oktoba ya dasa a Nuwamba, irin da ke nuna cikin wata biyu da rabi zuwa uku zai isa yanka kafin zafin bazara ya kankama. Ya kuma yi hattara da takin yuriya, domin ganyen da ya sha shi fiye da kima yakan yi laushi da ruwa, irin wanda darɓa ke so. Kututturan kabejin da aka yanke kada su kwana a fangali suna toho, a cikinsu take jiran shuka ta gaba.

Akwai jarabawar da ke tattare da wannan dabara, kuma ana ganinta a garuruwa da yawa: gidan sauron da aka raba kyauta don yara da masu juna biyu ya koma lambu. Wannan hasara ce babba. Zazzaɓin cizon sauro yana kashe yara a jihar Neja kowace damina, sabon gidan sauro kuma jiƙe yake da maganin ƙwari wanda ba a yi shi don ya taɓa abinci ba. Ba a kuma saƙa shi don zama a rana ba, yakan ruɓe da wuri, alhali ragar gona ta gaskiya tana yin shekaru idan ana naɗe ta a ajiye a inuwa bayan kaka.

Matsalar ragar gona ita ce kuɗin farko da wurin samu. A dunƙule ake sayar da ita, mai lambu ɗaya ba ya iya ɗaukar dunƙule guda, amma ƙungiyar masu noman rani ta mutum goma tana iya saye ta yanka wa kowa rabonsa, kamar yadda aka saba haɗa kuɗin injin ban-ruwa. Ƙwallon dogon yaro kuwa aikinsa tsinta ne da adana. Lokacin da bishiya ke zubar da 'ya'ya ba lallai ya zo daidai da lokacin kabeji ba, don haka sai an tara tun da wuri. A zuba busasshen ƙwallo a buhun algarara ko kwando inda iska ke ratsawa, kada a ƙulle shi a leda ya yi fumfuna, kada kuma a daka sai ranar da za a jiƙa. Wanda ya haura shekara a ajiye ƙarfinsa ya ragu, sai a nemi sabo.